Sadakar Sarki a Jirgin Woodbridge

Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawa jirgin ƙasa daga Woodbridge zuwa Washington, in fita da sassafe in dawo da yamma. In ka tambaye ni yau abin da na gani ta taga a duk shekarun nan, ba zan iya faɗa maka da yawa ba. Ruwa, bishiyoyi, bayan gidajen mutane. Aikina a wani kamfani ne da ke yi wa gwamnati kwangilar kwamfuta. Wuni nake a ɗakin da ba taga, in fito idona na yaji, wuyana ya sage. Da na sami kujera sai in jingina kai in rufe ido, ba barci nake ba, ba kuma a farke nake ba. Matata takan ce ina shigowa gida kamar wanda aka aiko ya ajiye jikin wani.

Wata yamma a tashar Alexandria wani dattijo ya shigo ya zauna kusa da ni. Baƙi ne siriri, furfura ta cinye gefen kansa, yana sanye da shuɗin kayan ma'aikatan jinya a ƙarƙashin rigar sanyi. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, sai na ji ya ce, "To, na ji. Ki ce ina gaishe shi, sai na iso."

Na buɗe ido. Da ya ajiye wayar na ce, "Barka da yamma, Baba."

Ya juyo ya dube ni sosai, sannan ya yi dariya. "Kai! Daga ina?"

"Kano."

"Ni daga Filato. Ashe tun ɗazu da ɗan gida nake zaune, na ɗauka barci kake."

Kafin mu kai Woodbridge na san cewa shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da lissafi a wata sakandare kusa da Pankshin, matarsa ta rasu, 'yarsa da ke karatun likita a nan ce ta ɗauko shi. Takardunsa na koyarwa ba su yi masa amfani ba, sai ya koyi aikin kula da tsofaffi, yana yi a wani gida a Alexandria. Ɗaga mutane yake daga gado, ya yi musu wanka, ya ba su abinci a baki, wasunsu ma ya girme su. Tun ranar na koma ce masa Malam, shi kuma yana ce mini Injiniya.

A mako na biyu ya zaro wani ƙaramin allo daga jakarsa, irin mai ninkewa, 'ya'yan suna da maganaɗisu a gindi don kada girgizar jirgi ta watsar da su. Darar Turawa ce, wadda suke ce wa ces. Na ce masa ban iya ba, kuma gaskiya ba ni da ƙarfin koyon wani abu bayan aiki.

"Ba koyo za ka yi ba," in ji shi. "Riƙe mini allon kawai, gwiwata na ciwo."

Haka na shiga. Ya nuna mini sarki da sarauniya, doki mai tsalle a karkace, hasumiya mai tafiya miƙe, sojoji takwas a gaba, da wanda yake ce wa bishop ni kuma nake ce wa liman, ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Tsakanin Alexandria da Woodbridge kusan rabin awa ne. Wasan da bai ƙare ba sai ya ninke allon a hankali, gobe mu ɗora.

Abu ɗaya na lura da shi da wuri. Duk lokacin da fararen 'ya'yan ke hannunsa, hanya ɗaya yake buɗe wasa. Ya tura sojan gaban sarki gida biyu, in tura nawa, sai ya tura sojan da ke gefensa shi ma gida biyu, daidai inda zan ci shi a banza. Rannan na ce, "Malam, ka manta, zan ci wannan."

"Ci mana. Don kai na ajiye."

Ya ce Turawa suna da sunan da suke kiran wannan buɗi, amma shi sadakar sarki yake ce masa. Ka ba da soja tun a taku na biyu, ka bar gefen sarkinka a buɗe, abin da ka saya da shi kuwa hanya ce da sauri. In ka yi sanyi an gama da kai. Ya ce manyan 'yan wasa sun daɗe da rage yin sa, suna ganin kasada ta yi yawa.

"To kai me ya sa kake yi?"

Bai amsa ba sai washegari. Ya zo da wata takarda da ta yi laushi saboda ninki, cikin ledar da ake sa fasfo. Rubutun hannunsa ne da shuɗin biro, layi ashirin da uku. Wasa ne da aka buga a gasar zakarun tsohuwar Tarayyar Sobiyet tun kafin a haife ni, tsakanin manyan 'yan wasa biyu na lokacin. Wani malami Ba'indiye da suka koyar tare ne ya ara masa littafin da wasan ke ciki, da zai koma ƙasarsu ya karɓi littafinsa, Malam ya kwafe wannan wasa ɗaya tak.

Ya jera 'ya'yan ya fara bi da ni, ko takardar ba ya dubawa. Mai farare ya ba da sojan nan, mai baƙaƙe ya ci. Aka yi ta fito da dawakai da limamai, kowa ya ɓoye sarkinsa a lungu. Can sai wani sojan baƙaƙe ya yi ta kutsawa har ya zo gida ɗaya kafin ƙarshen allo, ya sa hasumiyar farare a gaba. In ya ci ta ya kai ƙarshen allo, a dokar wasan sarauniya zai zama.

"To, Injiniya, kai ne mai farare. Me za ka yi?"

"In janye hasumiyata."

"Kowa haka zai yi. Duba abin da mutumin nan ya yi a taku na goma sha biyar."

Ya ɗauki doki ya dire shi a tsakiyar gidan baƙaƙe, inda shi ma za a iya cinsa, ya bar hasumiyar a inda take. Mai baƙaƙe ya tsorata da abin da ke tahowa wa sarkinsa, ya ja nasa dokin baya don tsaro. Dokin farare ya ƙara tsalle ya ci sojan da ke gadin sarki. Aka ci hasumiyar, sojan ya zama sarauniya, ɗaya hasumiyar ta cinye ta nan take. Daga nan komai na farare ya zubo kan sarkin baƙaƙe, a taku na ashirin da uku mutumin ya miƙa wuya.

Malam ya jingina da kujera yana numfashi kamar shi ya buga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da ya wuni yana ɗaga tsofaffi, a ranar ko ciwon gwiwar bai ambata ba har muka sauka.

Mun fi shekara uku a haka. Wasan nan ya nuna mini shi ya fi sau hamsin, har na haddace. Burinsa ɗaya ne, wata rana ya zauna da wani gwani na gaske, gwanin ya bi shi ta wannan hanya, ya ga ko shi ma zai iya. Ni ban isa ba, kafin taku na goma nake rikicewa.

A cikin shekarun nan ne na yi wani abu da ban faɗa masa ba. Wata Asabar ina gida, yara sun tafi Islamiyya, na sa wa kwamfutata wata manhaja mai buga ces, na shigar mata da wasan don in ga yadda za ta yaba. Da muka zo taku na goma sha biyar sai ta nuna ba ta yarda ba. A lissafinta, da mai farare ya matsar da hasumiyarsa gida ɗaya kawai, kamar yadda na faɗa a jirgi ranar da ya fara nuna mini, da ya ci gaba da rinjaye. Tsallen dokin nan kuwa, da mai baƙaƙe ya daure ya ci dokin da limaminsa, sarkinsa zai sha gudu amma zai tsira, wasan ya koma kunnen doki. Na maimaita sau uku, amsar ba ta canza ba. Na rufe kwamfutar. Ran Litinin ya shigo jirgi yana ɗingishi, ya zauna ya ce yau wata tsohuwa ta watsa masa shayi a fuska. Na ce a raina ba yau ba. Haka na yi ta cewa.

Wata rana ya nuna mini sanarwar gasa da za a yi Asabar da Lahadi a zauren wani otal a Alexandria, kowa na iya shiga. Ya ce ya riga ya rubuta sunansa. Ba ya tuƙi a babbar hanya, don haka ni zan kai shi. Don a ba shi hutun kwana biyun sai da ya haɗa aikin mutum biyu ranar Alhamis da Juma'a. Da na ɗauke shi da safe idanunsa jawur, amma ya sa farar riga da lakataye, irin shigar da yake yi in zai shiga aji.

Zauren ya cika da dogayen tebura, mutane sun fi ɗari, ba ka jin komai sai tari da ƙarar danna agogo. Kowane allo da agogonsa mai fuska biyu, in ka yi taku ka danna, lokacin abokin karawarka ya fara tafiya. Wasan farko baƙaƙe aka ba shi, aka cinye shi, bai damu ba. "Wannan ɗumama jiki ne," in ji shi. Na fita wajen ajiye motoci na shimfiɗa darduma tsakanin motata da wata na yi azahar. Da na dawo an fara zagaye na biyu, farare na hannunsa.

Abokiyar karawarsa wata Baturiya ce dattijuwa, mai gajeren farin gashi, ta ajiye flas ɗin kofi a gefenta. Na tsaya bayan igiyar da aka ja wa 'yan kallo. Ya tura sojan sarki, ta tura. Ya tura na biyun. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗan yi murmushi, ta ci. Ya fito da doki. Ta tura sojan gaban sarauniya, ya ci, ta fito da limaminta daidai gidan da ke cikin takardarsa. Na ƙara matsowa jikin igiyar. Taku na biyar, na shida, na bakwai, duk kamar tana karantawa daga ledar fasfon nan. Ina hango shi yana rubuta kowane taku a takarda. Sau ɗaya ya waiwayo ya neme ni da ido, na gyaɗa masa kai.

A taku na takwas ta kauce. A tsohon wasan, mai baƙaƙe sojan gefe ya tura. Ita kuwa doki ta kawo gaban sarkinta, ta danna agogo, ta zuba kofi.

Malam ya zauna. Minti goma, ashirin, bai motsa ba. Ya dafe kai da hannu biyu. Har na fara tunanin ko barci ne ya sace shi, don na ga kansa ya yi ƙasa sau ɗaya ya dawo. Ya fi rabin awa kafin ya taɓa komai, kuma takun da ya yi na mai tsoro ne, ba irin nasa ba. Daga nan ta riƙa matsa shi a hankali, ba gaggawa, ba wani abin burgewa. Sojan da ya ba ta tun farko ta riƙe abinta. Bayan kusan awa uku ya kwantar da sarkinsa alamar miƙa wuya, ya miƙa mata hannu.

Al'adarsu ce in an gama a koma wani ɗaki a sake duba wasan tare. Ta gayyace shi, na bi su. Mace ce mai kirki, ta ce ta yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma rabon da wani ya buɗe mata wasa haka an daɗe, ta ji daɗi. Malam ya zaro takardarsa ya nuna mata. Tana ganin layukan farko ta gane wasan.

"Ai saboda shi na kauce," ta ce da Turanci. "Na san inda kake son kai ni. Wasa ne mai kyau ƙwarai. Sai dai ka san tsallen dokin nan ba daidai ba ne, ko?"

Malam ya ce, "Ban gane ba."

Ta ɗauka ya sani, na ga haka a fuskarta. Amma magana ta riga ta fita. Ta buɗe kwamfutarta ta hannu, ta jera masa, ta ci dokin da liman, ta bi da shi taku bayan taku har sarkin baƙaƙe ya fita daga tarkon. Ya gwada wata hanya, na'urar ta toshe. Ya gwada wata. Ya cire tabarau ya goge da lakatayensa, ya mayar, ya sake kallo. Sannan ya yi mata godiya da ladabi, ya ninke takardarsa, ya je wurin masu shirya gasar ya ce su cire sunansa daga sauran wasannin, ba ya jin daɗi.

Babbar hanyar 95 a cushe take ranar, kamar kullum. Muka yi ta tafiyar kura, mota ta matsa taku biyu ta tsaya. Rana na dukan gilashi. A haka muka wuce Springfield. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Injiniya, da take nuna mini, ban ga ka yi mamaki ba."

Na zuba wa hanya ido.

"Ka sani?"

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"An fi shekara."

Ya gyaɗa kai a hankali. Motar gabanmu ta matsa, na matsa.

"Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi," ya ce. "Ban taɓa ganin ɗalibi da amsar da ba daidai ba na ƙyale shi don kada ransa ya ɓaci. Kai ka zauna kusa da ni kullum, ina ta nuna maka, ina ta yabo, kana gyaɗa kai. Tausayina kake ji?"

Na ce ba haka ba ne, na ga yana jin daɗin abin ne, ga gajiyar aiki, ban so in rage masa. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyi.

"Wasan nan na nuna wa ɗalibaina, aji bayan aji. Na nuna wa marigayiya, ita da ko sunan 'ya'yan ba ta sani ba, ta zauna ta kalla don ni." Ya juyo ya dube ni. "Da daga bakinka na ji, a jirgi, da Hausa, da ya fi mini."

Na ci gaba da tuƙi. Kafin mu kai gadar Occoquan barci ya ɗauke shi, bakinsa a ɗan buɗe, lakatayen ya karkace. Da muka isa ƙofar gidan da yake haya na daɗe a zaune injin na aiki kafin na iya tashinsa.

Bai daina zama kusa da ni a jirgi ba. Yakan shigo mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi gwiwa, amma allon ba ya fitowa daga jaka. Sai mu jingina kai mu biyu mu rufe ido har Woodbridge. Haka muka ci lokacin sanyin shekarar. Na sha shirya maganar da zan yi masa tun daga ofis, in ya zauna sai in ga yadda ya gaji, ni ma na gaji, in bar ta. Daga baya kwangilarmu ta ƙare, kamfani ya mayar da ni wani ofis da jirgi ba ya zuwa, na koma tuƙi. Muka yi waya sau biyu ko uku, da Sallah shi ya kira, da Kirsimeti ni na kira, daga nan shiru.

Bayan shekara huɗu ko biyar 'yarsa ta kira ni. Ta zama likita, ta yi aure, suna zaune a Mitchellville. Ta ce an yi wa Baba aiki a gwiwa, ya bar aiki, yana wurinta, kuma yana yawan tambayata. Na je wata Lahadi da la'asar. Na same shi a falo, ƙafa a miƙe kan matashi, ya rame, sandar ƙarfe a gefe. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Injiniya, ka yi furfura."

"Hanyar 95 ce, Malam."

Aka kawo mini zoɓo da cincin. Ya sa aka ɗauko wani babban allo na katako da surukinsa ya saya masa, aka ɗora a teburin cin abinci, na taimaka masa ya zauna. Ya ɗauki farare. Na jira sojan sarki, sai na ga ya tura na gaban sarauniya, buɗin masu lallaɓawa, wanda ba a ba da komai a cikinsa.

"Ina sadakar?" na ce.

"Wannan sai mai ƙarfi. In ka ba da sojan dole ka yi ta gudu a bayansa har ƙarshen wasa. Ni yanzu zama nake so."

Muka yi 'yan taku. Na ce, "Malam, maganar nan ta mota. Ka yafe mini."

Ya ɗago kamar bai gane ba, sannan ya tuna. "Wannan? Ai tun kafin mu isa gida na yafe. Gajiya ce ta hana ni faɗa, daga baya kuma na ga kamar an wuce wurin." Ya matsar da liman. "Na sake duba wasan da kaina, ka sani, wata da watanni. Matar nan gaskiya ta faɗa, dokin bai kamata ya yi tsallen ba. Amma wanda ke zaune a gabansa mutum ne, ya yi awoyi yana tunani, agogo na cinsa, ga doki ya faɗo masa a ka. Ni na zauna a irin kujerar nan sau ɗaya, na san yadda kai ke yi. Har yanzu ina son wasan. Nunawa ce dai na daina."

Ba mu gama namu ba. Matan cocinsu suka fara isowa don wani taro, 'yarsa ta zo tana ba da haƙuri, tana bukatar teburin. Ya ce a bar 'ya'yan yadda suke a ɗauke allon a hankali, amma wajen ɗagawa suka zube. Na duba agogo, na tuna gobe Litinin, ga gada a gabana kafin cunkoso ya yi tsanani. Ya rako ni har bakin ƙofa da sandarsa duk da na hana shi.

Shekarar da ta biyo ya koma Jos, ya ce sanyi ya ishe shi kuma yana so ya kasance kusa da kabarin matarsa. 'Yarsa ta turo mini lambarsa ta can. Tana cikin wayata. Nakan tuna da shi ina tuƙi zuwa gida, in lissafa bambancin awa tsakaninmu, in ga a can ya riga ya kwanta, in ce sai Asabar.